Zauren Muhawara da Mai Tsaron Ƙofarsa

A shekara ta 2005 wani shehun malami ɗan ƙasar Indiya, Amartya Sen, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1998, ya fitar da littafi mai suna The Argumentative Indian, wato Ba'indiye Mai Son Gardama. Babbar maganar muƙalar farko ta littafin ita ce, mutanen Indiya sun gaji al'adar muhawara tun kaka da kakanni, har a kan al'amuran addini, kuma wannan gado ya taimaka dimokuraɗiyya ta kafu a ƙasarsu. Mabiya addinin Hindu da yawa sukan faɗi irin wannan magana da alfahari. Sukan ce addininsu ba shi da shugaba guda wanda maganarsa ke yanke hukunci, ba shi kuma da majalisa guda da ke tsara wa kowa abin da zai gaskata, saboda haka kowa yana da damar tambaya da musu.

Akwai gaskiya mai yawa cikin wannan magana, wajibi ne kuwa a ba ta haƙƙinta kafin a auna ta. Amma gardama a kan koyarwa daban take da sukar mutanen da ke riƙe da iko. Tarihin addinin Hindu ya nuna an buɗe ƙofa sosai ga ta farin. Masu yin ta biyun kuwa sau da yawa sun sha wuya, musamman idan an haife su a ƙasƙantaccen aji.

Abin da ba a musu a kansa

Cikin tsofaffin littattafan Hindu da ake kira Upanishad, waɗanda aka tsara ƙarnuka da dama kafin haihuwar Almasihu, akwai labarin Sarki Janaka na ƙasar Videha. Sarkin ya tara malaman Brahmin, wato ajin firistoci, ya keɓe shanu dubu da zinariya ɗaure a ƙahoninsu, ya ce wanda ya fi kowa sani ya kora su. Wani malami mai suna Yajnavalkya ya umarci almajirinsa ya kora shanun zuwa gida tun ba a fara magana ba. Sauran malamai suka fusata, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna jefa masa tambayoyi a kan hadaya, da rai, da abin da ke bayan mutuwa. Abin lura shi ne, wannan gardama tana cikin nassin da Hindu suke ɗauka mafi tsarki. Wato tun daga tushe an koya wa ɗalibi cewa malami yana iya fuskantar tambaya a gaban jama'a.

Daga baya aka yi wa muhawara dokoki. Makarantar ilimi da ake kira Nyaya ta raba ta kashi uku. Ta farko ita ce vada, inda mutum biyu suke neman gaskiya tare. Ta biyu jalpa, inda kowa nasara kawai yake so. Ta uku vitanda, inda mutum yake rushe maganar abokin gardamarsa ba tare da ya kafa tasa ba. Sun kuma lissafa hanyoyi 22 da za a ce mutum ya fāɗi, kamar ya canja maganar da ya fara da ita, ko ya saɓa wa kansa, ko ya kasa ba da amsa. Marubutan harshen Sanskirit suna da wata kyakkyawar ɗabi'a da suke kira purvapaksha: kafin malami ya kawo ra'ayinsa, sai ya fara shimfiɗa ra'ayin abokin hamayyarsa da dukan ƙarfin hujjarsa, sa'an nan ya amsa.

Faɗin abin da aka yarda a yi gardama a kansa yana da ban mamaki. Cikin manyan makarantu shida da ake lasaftawa na asali, Samkhya ta dā da Mimamsa ba su ga bukatar Allah Mahalicci cikin bayaninsu ba, duk da haka ba a fitar da su daga addini ba. Shankara, babban malamin da ya rayu wajen ƙarni na 8, ya koyar cewa nassi ba shi da ikon ƙaryata abin da jiki ya shaida a fili, kamar zafin wuta. Ramanuja a ƙarni na 11 zuwa na 12, da Madhva a ƙarni na 13, sun soki koyarwar Shankara da kakkausan harshe, kuma har wa yau ana girmama su ukun. A ƙarni na 14 wani malami mai suna Madhava ya rubuta littafin da ya tara ra'ayoyin makarantu iri iri, ya buɗe shi da ra'ayin Charvaka, mutanen da suka ce babu lahira, kuma hadayu dabara ce ta firistoci don neman abinci. A nan Sen yana da gaskiya, gama ba kowace al'umma ce take ajiye maganar masu musunta a babin farko na littafinta ba.

Wa aka bari ya shiga?

Amma in an koma fadar Janaka aka duba da kyau, za a ga wani abu. Cikin masu tambayar akwai mace guda, Gargi, wadda ake yawan ambata domin a nuna mata ma suna da murya. Gargi ta bi Yajnavalkya da tambaya bayan tambaya a kan abin da duniya ta dogara a kai, har ta kai shi bango. A nan sai ya gargaɗe ta kada ta wuce gona da iri, don kada kanta ya fāɗi, ita kuwa ta yi shiru. Gaskiya ne ta sāke tashi daga baya da tambayoyi biyu. Wani malami kuma, Shakalya, da ya kasa amsa tambaya, labarin ya ce kansa ya tarwatse. Labarin da ake kafa hujjar 'yancin tambaya da shi, shi ne kuma ya nuna tambaya tana da iyaka, kuma mai iko ne ke shata iyakar.

Haka yake ga Charvaka. Littattafansu na asali sun ɓace. Kusan duk abin da aka sani game da su, daga bakin abokan hamayyarsu aka ji shi, waɗanda suka kawo maganarsu domin su rushe ta. A cikin Ramayana ma akwai wani Brahmin mai suna Jabali, wanda ya gaya wa Rama cewa babu wata duniya bayan wannan. Rama ya tsauta masa, shi kuwa ya janye maganarsa. An ba mai musu wurin zama, amma mai gida ne ke da kalmar ƙarshe.

Babbar iyakar kuwa ta haihuwa ce. Al'ummar Hindu ta dā ta kasu azuzuwa huɗu bisa ga gado: Brahmin, da jarumawa masu sarauta, da 'yan kasuwa, da Shudra masu hidima. A ƙarƙashinsu duka akwai waɗanda aka ce ba a taɓa su, waɗanda yanzu suke kiran kansu Dalit. Muhawarar malamai da Sanskirit ake yinta, a kan littattafan Veda take tafiya, an kuwa hana Shudra karatun Veda. Shankara kansa, wanda ya koyar cewa rai guda ne ke cikin kowane mai rai, ya tabbatar da wannan hani cikin sharhinsa na Brahma Sutra, ko da yake ya yarda Shudra su sami sani ta wurin labaran gargajiya. Saboda haka mutum yana iya musun Mahalicci ya ci gaba da zama malami mai daraja, muddin ya amince da ikon Veda da matsayin masu riƙe da shi.

Maganar cewa babu mai korar mutum ma tana bukatar gyara. Babu majalisa guda ta addini duka, amma kowane aji yana da dattawansa, su kuwa suna kora. A 1888, da saurayi Mohandas Gandhi ya yi shirin haye teku zuwa Ingila karatu, shugabannin ajinsa a Bombai suka hana shi, da ya ƙi ji suka fitar da shi daga aji. Wanda aka yi wa haka ba a cin abinci da shi, ba a ba shi aure. Rashin shugaba guda ya ba masu ilimi sarari, amma ya bar talaka ba inda zai kai ƙara.

Muryoyi daga bayan zaure

Waɗanda aka hana shiga ba su yi shiru ba. Suka bar Sanskirit, suka yi magana da harshen kasuwa da na gona. A ƙarni na 12, a birnin Kalyana na kudancin Indiya, Basava, wanda shi kansa haifaffen Brahmin ne kuma ma'aikacin Sarki Bijjala, ya ƙi fifikon haihuwa da dogara ga haikali. Ana danganta masa wani zauren tattaunawa mai suna Anubhava Mantapa, inda maza da mata, masu wanki da dukawa, suke zama suna zancen Allah. Bisa ga labarin da mabiyansa suka adana, sa'ad da aka ɗaura aure tsakanin 'yar Brahmin da ɗan baduku a cikinsu, aka kashe iyayen biyu da azaba, birnin ya hargitse, jama'ar ta watse. A ƙarni na 15 Kabir, masaƙi a birnin Banaras, ya yi wa malaman Hindu da na Musulunci ba'a cikin waƙoƙinsa. A ƙarni na 17 Tukaram, Shudra daga ƙasar Maharashtra, ya yi waƙoƙin ibada da harshen Marathi, kuma ana ba da labari cewa an tilasta masa ya jefa rubuce-rubucensa cikin kogin Indrayani.

Sen bai ɓoye irin waɗannan mutane ba. Ya ambaci Kabir da Ravidas baduku domin ya nuna gardama ba ta manya kaɗai ba ce. Raunin littafinsa a nan shi ne, ya fi ƙidaya muryoyin da aka ji bisa ga auna abin da ya sami masu su. Ga kuma abin da ya biyo baya: bayan mutuwar waɗannan masu suka, sai aka mai da su tsarkaka, ana rera waƙoƙinsu a haikali, tsarin da suka soka kuwa yana nan daram.

Suka da makamin mai gida

A ƙarni na 19 injin ɗab'i da kotu suka canja fagen. Ram Mohan Roy, Brahmin daga ƙasar Bengal, ya tashi gāba da al'adar sati, wato ƙone gwauruwa tare da gawar mijinta. Bisa ga ƙidayar hukuma a lardin Bengal, matan da aka ƙone sun ƙaru daga 378 a 1815 zuwa 839 a 1818. A 1818 ɗin Roy ya buga ɗan littafi cikin siffar muhawara tsakanin mai goyon bayan al'adar da mai ƙinta, daidai da tsohuwar hanyar purvapaksha. Da nassin malaman ya yi musu gardama. Ya nuna cewa littafin dokokin Manu ya umarci gwauruwa ta rayu cikin kamun kai, bai ce a ƙone ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamna William Bentinck ya haramta sati ranar 4 ga Disamba 1829. Masu ra'ayin riƙau suka kafa ƙungiyar Dharma Sabha a 1830, suka ɗaukaka ƙara har Landan, aka kori ƙararsu a 1832. Ishwar Chandra Vidyasagar ya bi wannan hanya a kan auren gwauraye, ya kawo hujja daga littafin Parashara, aka yi doka a 1856.

Wanda ya fuskanci shugabannin addini kai tsaye shi ne Karsandas Mulji, ɗan jarida a Bombai. A 1860 ya rubuta cikin jaridarsa, Satya Prakash, cewa shugabannin ɗariƙar Vallabha, waɗanda ake kira Maharaj, suna lalata da matan mabiyansu da sunan ibada. Ɗaya daga cikinsu, Jadunathji, ya kai shi ƙara don ɓata suna. A 1862 kotu ta saurari shaidu, ta ba Mulji gaskiya a kan babbar maganar. Abin lura a dukan waɗannan nasarori shi ne, hujjar daga cikin addini ta fito, amma hukuncin daga waje ya zo, daga gwamna ko alƙali. Zauren malamai shi kaɗai bai kashe wutar sati ba.

Jawabin da aka hana

Inda aka fi gwada wannan al'ada shi ne a 1936. Bhimrao Ambedkar Dalit ne daga ajin Mahar, ya yi karatu mai zurfi a Amurka da Ingila. A Maris 1927 ya jagoranci dubban Dalit suka sha ruwa a tafkin gari a Mahad, inda aka saba hana su. Aka dūke su, aka kuma yi wa tafkin tsarki bayan tafiyarsu. Ranar 25 ga Disamba na shekarar, shi da mutanensa suka ƙone littafin Manu a fili. A 1935 ya faɗa a garin Yeola cewa an haife shi Hindu, amma ba zai mutu Hindu ba.

Wata ƙungiyar Hindu masu neman gyara a Lahore, Jat-Pat Todak Mandal, wadda manufarta ita ce rushe bambancin aji, ta gayyace shi ya shugabanci taronta na 1936. Da suka karanta jawabin da ya shirya, suka roƙe shi ya cire wuraren da ya taɓa Veda da sauran nassosi, da inda ya ce wannan ne jawabinsa na ƙarshe a matsayin Hindu. Ya ƙi, aka fasa taron. Ambedkar ya buga jawabin da kuɗinsa, kofe 1,500, da suna Annihilation of Caste, wato Kawar da Tsarin Aji. Hujjarsa mai sauƙi ce. Ya ce Hindu ba don mugunta suke kiyaye aji ba, don ibada ne, gama nassi ya koya musu haka. Saboda haka cin abinci tare da auratayya ba za su yawaita ba sai an karya ikon nassin da ya hana su. Ya kuma ba da shawara a daina gādon aikin firist, kowane Hindu ya iya samunsa ta wurin jarrabawa da takardar izni daga gwamnati.

Gandhi ya amsa cikin jaridarsa, Harijan, a Yuli 1936. Ya ga laifin ƙungiyar da ta hana jama'a jin jawabin, ya ce wajibi ne mai neman gyara ya kula da shi. Sa'an nan ya yi musu. A ganinsa tsarin aji na yanzu al'ada ce da ba ta da alaƙa da addini, kuma duk nassin da ya kasa tsayawa gaban hankali da shaidar ruhu ba maganar Allah ba ce. Ya ce da rayuwar tsarkaka irin su Tukaram ake auna addini, ba da mafi munin mabiyansa ba. Ambedkar ya mayar da martani cikin bugu na biyu a 1937. Ya ce tsarkakan sun koyar da daidaito a gaban Allah, ba su yi yaƙi da aji a cikin gari ba, kuma an koya wa talaka cewa tsarkaka suna iya keta aji amma shi ba ya iyawa.

Idan aka auna su biyun, ma'aunin Gandhi ba ƙaramin abu ba ne, gama ya ɗora lamiri bisa nassi da malamai, wannan kuwa suka ce mai ƙarfi daga cikin gida. Amma bai amsa tambayar Ambedkar ba, wato wane ne ke zartar da doka a bakin rijiyar ƙauye, Gandhi ko firist da dattawan aji? Shawarar Ambedkar ma tana da nata rauni. Wanda ya sa firistoci ƙarƙashin gwamnati ya canja mai tsaron ƙofa ne kawai, ba a kuwa da tabbaci sabon zai fi tsohon adalci. Duk da haka abin da ya faru a Lahore ya ba shi gaskiya a kan babbar magana: masu neman gyara ma, da suka ta kai ga tushen iko, suka rufe zaure.

Sukar ba ta tafi banza ba. A Nuwamba 1936 Sarkin Travancore ya buɗe haikalan gwamnatinsa ga dukan Hindu. Ambedkar ya shugabanci kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, sashe na 17 nasa kuwa ya haramta ɗaukar wani mutum abin ƙyamar taɓawa. Amma shi kansa ya cika alkawarinsa. Ranar 14 ga Oktoba 1956, a birnin Nagpur, ya shiga addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa, ya rasu a Disamba na shekarar.

Yadda ma'auni ya tsaya

Shekarun baya-bayan nan sun nuna fuskokin nan biyu suna nan. A 2013 aka harbe Narendra Dabholkar a birnin Pune, likitan da ya daɗe yana tona asirin masu da'awar al'ajibai, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Maharashtra ta fitar da dokar da ya yi shekaru yana nema. A 2014 kamfanin Penguin na Indiya ya janye littafin Wendy Doniger a kan tarihin Hindu bayan an kai shi ƙara. A 2015 aka harbe M. M. Kalburgi a gidansa a Dharwad, masanin rubuce-rubucen Basava da mabiyansa, marubuta da yawa kuwa, Hindu a cikinsu, suka mai da lambobin yabon da aka ba su don nuna fushi. A 2018 kotu a Jodhpur ta yanke wa Asaram, malamin addini mai ɗimbin mabiya, ɗaurin rai da rai saboda fyaɗe ga yarinya, bayan an kai wa shaidu hari, waɗansu har sun rasa rayukansu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Littafin Sen ya yi aiki mai amfani, gama ya tuna wa masu son rufe bakin jama'a da sunan Hindu cewa nassinsu cike yake da tambaya da musu. Wanda ya ce suka baƙuwa ce a wannan addini bai san Gargi da Basava da Roy ba. Inda littafin ya gaza shi ne wurin bambanta gardamar da ake ba mai yinta shanu dubu da wadda ake dūkansa saboda ita. Mai karatu da yake so ya san matsayin suka a cikin addinin Hindu zai amfana da Sen, amma ya kamata ya haɗa da ɗan littafin Ambedkar da amsar Gandhi, ya kuma tuna cewa mutanen Mahad sai da suka yi shekara goma a kotu, har 1937, kafin aka tabbatar musu da ikon ɗiban ruwa a tafkin garinsu.